Nazarin Lamari: Karan Ɗorin Da Ya Tsayar Da Darasin Kwamfuta A Wata Makarantar Ƙauye A Jigawa

Asalin lamarin

Wannan nazari ya bi diddigin abin da ya faru da wata malamar ƙaramar sakandare a wani ƙauye na ƙaramar hukumar Taura, Jihar Jigawa, daga watan Mayun 2023 zuwa farkon 2024. An sakaya sunanta da na makarantar da na manhajar da ake magana a kai.

Malamar ta yi NCE a fannin kwamfuta, kuma ita kaɗai ke koyar da darasin daga aji ɗaya zuwa aji uku. Abin da makarantar ta mallaka bai wuce kwamfutar tafi-da-gidanka guda ɗaya mai tsarin Ubuntu, wani nau'in Linux, ba, sai farantin sola da batir, sai wasu tsofaffin wayoyin Android da aka tara don ɗalibai. Babu intanet a makarantar. Sabis ɗin waya yana zuwa yana ɗaukewa, kuma bai cika yin ƙarfi ba sai da daddare.

Manhajar da take son amfani da ita tana ba da damar a zuba darussa da bidiyo a kwamfuta ɗaya, sauran na'urorin da ke cikin aji su riƙa ɗauka daga gare ta ba tare da an sayi data ba. Buɗaɗɗiyar manhaja ce, wato kowa na iya sauke ta kyauta, ya karanta rubutun da aka gina ta da shi, ya gyara, ya kuma miƙa gyaransa ga masu kula da ita. Littafin jagorarta, wanda ke bayanin yadda ake ɗora ta da sarrafa ta, yana ajiye a rumbu ɗaya da ita a dandalin GitHub, inda masu gina manhajoji ke ajiye aikinsu, wanda aka buɗe a 2008, kamfanin Microsoft ya saye shi a 2018. Dandalin ya dogara ne da Git, tsarin adana tarihin canje-canje da Linus Torvalds ya rubuta a 2005. Duk harafin da aka ƙara ko aka goge, akwai shaidar wanda ya yi da ranar da ya yi.

Mayu zuwa Yunin 2023: umarni ya ƙi aiki

A tsakiyar Mayu ta ɗora manhajar lafiya lau. Abin da ya rage shi ne umarni guda da zai faɗa wa manhajar ta wace ƙofa wayoyin ɗalibai za su riƙa shigowa. Ta adana shafin jagorar a wayarta, ta tura shi kwamfutar ta kebul, ta kwafi umarnin ta liƙa kamar yadda yake. Kwamfuta ta amsa da cewa ba ta gane abin da aka ba ta ba.

Ta sake kwafa, ta sake liƙawa. Ta rubuta da hannu tana kallon shafin harafi bayan harafi, ta sa karan ɗori ɗaya a gaban kalmar kamar yadda idonta ya nuna mata, nan ma ya ƙi. Ta goge manhajar gaba ɗaya ta sake saukewa, abin da ya cinye mata datar da ta saya don wata guda. A ƙarshen watan ne kuma, ranar 29 ga Mayu, aka sanar da cire tallafin man fetur, litar da ake saye ƙasa da naira 200 ta haura 500 a Arewa. Kuɗin acaɓa zuwa Ringim, inda take samun sabis mai kyau, ya tashi, haka ma kuɗin mai caji. Kusan mako uku ɗalibai suna kwafar darasin kwamfuta daga allo, kwamfutar na kulle a ofishin shugaban makaranta.

A duk tsawon wannan lokaci ba ta taɓa zargin shafin ba. Kanta take zargi. Wannan hali ne da na sha gani a wurin malamanmu masu ƙwazo, musamman idan rubutun da Turanci yake kuma daga waje ya fito, sai a ɗauka ba ya kuskure.

A ƙarshe ta ɗauki hoton fuskar kwamfutar ta tura wa yayanta da ke aikin gina shafukan intanet a Kano. Ya kira ta.

"Malama, karan ɗori nawa kika sa kafin kalmar?"

"Ɗaya ne a shafin, Yaya. Ɗan dogo."

"To ba ɗaya ba ne, biyu ne gajeru a jere. Goge ki sa biyu."

Ta goge `–port` ta rubuta `--port`. Manhajar ta tashi nan take, kafin a tashi makaranta wayoyi sun fara buɗe darasi.

Yuli zuwa Agusta: yunƙurin farko

Matsalarta ta kau, amma shafin na nan yadda yake. Ta san akwai malamai a wasu makarantun yankin da za su bi ta hanyar da ta bi, kuma ba kowa ke da yaya a Kano ba. Sai ta buɗe asusu a GitHub ta waya, ta lalubo fayil ɗin da aka samar da shafin daga gare shi.

Abin da ta gani ya ɗaure mata kai. A cikin fayil ɗin, karan ɗori biyu ne gajeru, daidai yadda ya kamata. Ta ɗauka wani ya riga ta gyarawa, ta bar zancen. Bayan mako biyu ta leƙa shafin da jama'a ke karantawa, dogon karan nan na nan daram.

Daga nan ta shigar da ƙorafi a sashen da aka ware don kai rahoton matsala. Layi ɗaya ta rubuta da Turanci, ma'anarsa umarnin ba ya aiki, don Allah a gyara. Ba ta faɗi wane shafi ba, ko wane umarni, ko abin da kwamfutar ta amsa. Washegari ɗaya daga cikin masu kula da manhajar ya amsa cikin ladabi, ya nemi ta faɗi sigar manhajar da take amfani da ita, ta kuma turo ainihin saƙon kuskuren. Amsar ta faɗa akwatin imel ɗin da ba ta cika buɗewa ba. An shiga dogon hutu, damina ta kankama, aikin gona da na gida suka sha kanta. Rumbun yana da tsarin da ke rufe duk ƙorafin da ya daɗe babu motsi, kuma haka aka yi da nata.

Oktoba: yunƙuri na biyu

Da aka koma makaranta ta ga abin da ya faru, sai ta yanke shawarar ta yi gyaran da kanta, ta kuma yi shi da yawa don a san da gaske take. Ta je wani shagon kwamfuta a Ringim, irin wanda ake buga takardu da cike fom, ta sauke fayilolin jagorar a dunƙule. Kwamfutar shagon Windows 7 ce. Da ta buɗe fayil a manhajar rubutu ta Notepad sai rubutun duka ya fito a layi ɗaya miƙaƙƙe, don haka ta koma WordPad, inda ya fito tsaf. Ta riƙa kwafar rubutun tana kai wa Word don ya ja mata jan layi a ƙarƙashin kalmomin da yake ganin ba daidai ba. Ta gyara wurare kusan sittin a fayiloli tara, ta loda su, ta tura buƙatar a karɓi gyaran. Yini guda ta yi a kai.

Bayan kwana biyu aka rufe buƙatar ba a karɓa ba. An ba da dalilai uku, kuma kowanne na da tushe.

Na farko, dandalin ya nuna cewa kowane layi a fayilolin tara ya canza, dubban layuka sun yi ja sun yi kore, alamar an goge su an sake rubutawa. Dalili kuwa shi ne Windows da Linux ba sa rufe layi iri ɗaya. Linux na sa ɓoyayyiyar alama ɗaya a ƙarshen kowane layi, Windows na sa biyu. Fayilolin jagorar da salon Linux suke, Notepad kuwa bai fara gane wannan salon ba sai 2018, shi ya sa tsohon ya haɗe mata rubutun. WordPad kuwa ya nuna shi daidai, amma wajen adanawa ya mayar da ƙarshen kowane layi salon Windows. Ido ba ya ganin bambancin, Git yana gani. Da wuya mai dubawa ya tsinto gyara sittin a cikin wannan tulin.

Na biyu, fiye da rabin abin da ta gyara ba kuskure ba ne. An rubuta jagorar da ƙa'idar Turancin Ingila, shi kuma Word ɗin shagon an saita shi a kan na Amurka. Wasu kalmomin ma sunayen maɓallai ne a cikin manhajar, canza su zai sa jagora ta saɓa da abin da mutum ke gani a gabansa.

Na uku ya shafi lokaci. A kowane Oktoba kamfanin DigitalOcean na shirya wani biki mai suna Hacktoberfest don ƙarfafa wa sababbi gwiwa su ba da gudummawa. A 2020, lokacin da ake ba da riga ga wanda ya tura gyara huɗu, an yi ambaliyar gyare-gyaren bogi, wani ya ƙara aya, wani ya sauya kalma ɗaya don kawai ya cika adadi. Abin ya kai har aka sauya ƙa'ida a kwanakin farko na watan, aka ce sai rumbun da masu shi suka amince ne kaɗai zai shiga. Tun daga nan masu kula da manhajoji ke ɗari-ɗari da sabon asusun da ya ɓullo a Oktoba da tarin gyaran haruffa. Malamar ba ta taɓa jin labarin bikin ba, amma buƙatarta ta yi kama da irin waɗancan.

Abin lura, dogon karan da ya jawo duk wannan bai shiga cikin gyare-gyaren sittin ba, domin a fayil ɗin ba ta ga abin gyarawa a wurin ba.

Wanda ya rufe buƙatar ya bar mata adireshin fayil ɗin ƙa'idojin ba da gudummawa, ya ce ƙofa a buɗe take idan ta kawo gyara ƙarami, ɗaya bayan ɗaya. Ta faɗa wa yayanta ta haƙura. Ya ce ta dai karanta abin da aka turo mata kafin ta yanke hukunci.

Nuwamba zuwa Disamba: gano tushen kuskuren

Ta ɗauki makonni ba ta waiwayi zancen ba. A hutun Disamba ta karanta ƙa'idojin. Ba su da tsawo: a rubuta da Turancin Ingila, kowace buƙata ta tsaya a kan matsala ɗaya, a bayyana dalilin gyara, kuma gyaran jagora ba ya buƙatar a fara shigar da ƙorafi.

Daga nan ta yi abin da ya warware lamarin, kuma ita ta yi shi da kanta. A shafin nan akwai wasu umarnai masu karan ɗori biyu da suka fito daidai, a cikin ɗan akwati mai ruwan toka. Nata kuwa ya fito a karkace, babu akwati. Ta buɗe fayil ɗin asali a waya, ta kwafi layukan biyu da biro a littafin shirya darasi, ɗaya a saman ɗaya, ta zauna tana kwatantawa. Bambancin na wurin wata 'yar alama ce mai karkata hagu (`), wadda a kwamfuta take ƙarƙashin maɓallin Esc. Umarnin da ya fito daidai an kewaye shi da biyu a gaba, biyu a baya. Wanda ya lalace, ɗaya a gaba, ɗaya a baya.

Ga yadda abin yake. Akwai salon rubutu biyu da suka fi yawa a jagororin manhaja. Markdown, wanda John Gruber ya fitar a 2004, yana amfani da alamar guda ɗaya a kowane gefe don nuna cewa wannan umarni ne, kada a taɓa shi. Amma wannan jagorar da reStructuredText aka rubuta ta, kuma a can sai an sa biyu. Manhajar Sphinx, wadda Georg Brandl ya fitar a 2008 don jagorar Python, wani harshen gina manhaja, ita ke mayar da fayilolin su zama shafukan intanet. Tana da wata ɗabi'a ta ƙawata rubutu: idan ta ga karan ɗori biyu a cikin zance, sai ta haɗe su su zama dogo ɗaya, irin na littattafai. Ba ta taɓa abin da aka killace a matsayin umarni. Wanda ya rubuta layin, da alama hannunsa ya saba da Markdown, ya sa alama ɗaya, sai Sphinx ta ɗauki umarnin a matsayin zance ta ƙawata shi. Shi ya sa fayil ke nuna daidai, shafi ke nuna kuskure. Ƙwararren da ya karanta shafin ba zai ma lura ba, domin hannunsa zai rubuta biyu ko me ya gani.

Janairun 2024: yunƙuri na uku

Wannan karon ba ta je shago ba. Da daddare, lokacin da sabis ya yi ƙarfi, ta buɗe fayil ɗin a burauzar waya, ta zaɓi a nuna mata shafin da fasalin kwamfuta, ta danna hoton fensir. Dandalin da kansa ya yi mata kwafin rumbun a asusunta, ba ta sauke komai ba, don haka batun ƙarshen layi bai taso ba. Ta kashe gyaran kalma na atomatik a madannin wayar don kada ya sauya mata wani abu ba ta sani ba. Neman alamar a madannin ya ɗan ɗauki lokaci, tana shafi na biyu na alamomi. Ta ƙara guda biyu, ɗaya a gaba, ɗaya a baya. Shi ke nan gyaran.

Bayanin da ta rubuta jimla huɗu ne. Ta faɗi shafin da layin, ta ce idan aka kwafi umarnin daga shafin ba ya aiki saboda karan ɗori biyu sun koma dogo ɗaya, ta faɗi dalilin, ta haɗa da hoton saƙon kuskuren da ta tura wa yayanta tun watan Yuni. Ta kuma saita wayarta ta riƙa sanar da ita idan imel ya shigo.

Rumbun yana da tsarin da ke gina samfurin shafin kai tsaye duk lokacin da aka turo gyara. Samfurin ya fito, umarnin ya shiga akwatinsa da karan ɗori biyu. Washegari mai dubawa ya gode mata, ya tambaya ko za ta duba idan akwai irinsa a wasu shafukan. Ta amsa a ranar. Ta bi shafukan ɗora manhaja ɗaya bayan ɗaya, ta samo wurare uku, ta ƙara su. Cikin mako guda aka haɗe gyaran.

Sai dai shafin da jama'a ke gani bai canza nan da nan ba, kuma hankalinta ya ɗan tashi. Ta tambaya a ƙarƙashin buƙatar. Aka bayyana mata cewa gyaranta ya shiga reshen rumbun da ake shirya siga mai zuwa a cikinsa, shafin kuma daga reshen sigar da ake amfani da ita yake fitowa. Mai dubawar ya kai gyaran can da kansa, shafin ya daidaita.

Bayan haka

Zuwa ƙarshen zangon karatu na biyu ta tura ƙarin gyara huɗu, kowanne daban. An karɓi uku: adireshin da ya mutu, sunan maɓallin da aka sauya a manhaja ba a sauya a jagora ba, da wani mataki da aka tsallake. An ƙi ɗaya, inda ta sake tsara wata jimla, aka ce tsohuwar ba ta da aibi. Ta amsa da godiya ta wuce. Da dandalin ya nemi ta kunna tsaron shiga mai mataki biyu, wanda ya fara wajabta wa masu ba da gudummawa rukuni-rukuni tun Maris 2023, ta yi, ta rubuta lambobin ceto a takarda ta adana saboda gudun ɓatan waya.

Malamai biyu daga makarantun da ke kusa sun ɗora manhajar a watan Fabrairu ta hanyar bin shafin, babu wanda ya tsaya a wannan matakin.

Hukunci

Yunƙurin farko ya faɗi ne saboda ƙorafin bai ɗauki bayanin da za a yi aiki da shi ba, sannan aka yi tambaya ba a samu amsa ba. A nan ba na ganin laifin malamar da yawa. Tsarin da ke rufe ƙorafi idan an yi shiru an gina shi ne a kan zaton kowa na tare da imel ɗinsa kullum, kuma wannan zato bai dace da malamar ƙauye a tsakiyar damina ba. Amma gyara wannan ba a hannunta yake ba, saita sanarwar waya kuwa a hannunta yake.

Na biyu ya faɗi ne saboda ta auna gudummawa da yawanta. Yawancin masu duba gyara 'yan sa-kai ne, lokacinsu ne abin da ya fi tsada a harkar. Duk malamin da ya taɓa makin jarrabawa ya san bambancin ɗalibin da ya amsa tambayar da aka yi da wanda ya cika shafi biyar da abin da ba a tambaya ba. Gyaran alama biyu da hoto a gefe ana tabbatar da shi cikin minti ɗaya. Gyara sittin da ya lulluɓe fayiloli tara yana neman yinin mutum, kuma babu tabbacin akwai amfani a ƙarshe. Rufe buƙatar daidai ne, kuma an yi shi da mutunci tunda an nuna mata hanya.

Na uku ya yi nasara saboda abubuwa uku sun haɗu: ta gano tushen kuskuren, ba alamarsa kawai ba, ta yi amfani da kayan aikin da bai taɓa komai ba sai abin da ta nufa, ta kuma kasance a kusa lokacin da aka yi mata magana.

Abin da ya fi muhimmanci a ganina shi ne irin kuskuren da ta kama. Gyaran haruffa ba daraja ɗaya gare su ba. Kalmar da aka rubuta ba daidai ba a cikin zance, mai karatu na wucewa ya gane. Harafi ɗaya a cikin umarni kuwa yana tsayar da aiki cak. Kowace na'urar duba rubutu na iya kama na farko, na biyu sai wanda ya bi jagorar da gaske, bai san amsar ba tun da farko, kuma ba shi da wanda zai juya ya tambaya a ofis. Waɗanda suka rubuta manhajar ba za su iya zama wannan mutumin ba. Gyare-gyarenta huɗu da aka karɓa duk daga amfani suka fito, ɗayan da aka ƙi da sittin ɗin Oktoba daga farautar kuskure suka fito.

Akwai abin da bai warware ba. Jagorar har yanzu da Turanci kaɗai take, kuma wani sashe nata ya ɗauka cewa makaranta na da intanet a lokacin sauke darussan farko, wanda shi ne mataki mafi cin data. Malamar ta shigar da ƙorafi a kan haka, wannan karon da cikakken bayani, ta ba da shawarar a ƙara sakin layi kan yadda za a kwafi darussa ta filashi daga makarantar da ta riga ta sauke. An amsa cewa ta rubuto daftarin, kuma a kansa take aiki a lokacin da aka kammala wannan nazari.